Mannir da Kuɗin Surukinsa

Mannir ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na goya shi. Bana ya cika shekara talatin da tara. In aka ce in faɗi halinsa a taƙaice, mutum ne da zai gwammace ya taka daga Funtua har Maska da ƙafa a kan ya ce wa mai babur ya rage masa hanya. Mutane suna yaba masa a kan haka, su ce yana da kunya da kawaici. Ni da na ga abin da kawaicin ya jawo masa, ba na cikin masu yabon.

A Maska aka haife mu. Cikin mu shida shi kaɗai ya gama sakandare, kuma tun yana yaro kansa na ja a lissafi. Da ya gama ya yi 'yan shekaru yana buga-buga, sannan ya samu aiki a wani kamfanin gurzar auduga a nan Funtua, aka sa shi malamin sikeli. Manomi ya kawo audugarsa, a ɗora, Mannir ya duba ya rubuta. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki bai taɓa rage wa wani kilo ɗaya ba. Abokan aikinsa da suka iya taɓa sikeli sun gina gidaje, shi kuwa abin da ya fita da shi tsohon babur ne da kyakkyawan suna. A lokacin ne ya auri Rashida, 'yar Malam Labo, wani dattijon manomi da ke wani ƙauye bayan Dandume. Yanzu 'ya'yansu uku.

Sai manoma suka fara barin auduga suna komawa masara da waken soya. Aiki ya yi ta ja baya, wata rana aka tara su aka ce kowa ya kama gabansa. Ɗan abin da aka sallame su da shi kuɗin haya ya cinye, babur ɗin ma ya bi baya. Shekara uku ke nan. Da kaka yakan samu ya rubuta wa dillalai lissafin buhuna a kasuwar hatsi, in kaka ta wuce ya zauna. Abin da ya rage masa gonar gado ce a Maska, ita kuma ƙasar ta gaji, in ba ka zuba mata takin zamani ba ko kuɗin irinka ba za ta mayar maka ba.

Ni sunana Tasalla. Tun da maigidana ya rasu nake sayar da abinci a bakin tasha, shinkafa da wake da rana, tuwo da yamma. Da shi nake ciyar da marayu biyar, saboda haka kada wani ya tambaye ni me ya hana ni ɗauke wa ƙanena nauyinsa. Abin da na samu yau shi ne cefanen gobe.

Daminar bara masarar Mannir ta fito, ta kai gwiwa, ta fara yin ruwan ɗorawa saboda babu taki. Rashida ta je gida ganin mahaifiyarta, a cikin hira maganar ta fita, uwar kuma ta kai wa tsoho. Da Rashida za ta dawo sai uwar ta damƙa mata naira dubu ɗari biyu a ƙulle cikin leda, ta ce in ji Malam a sayi taki, rance ne, in an yi kaka a mayar. Mannir bai roƙa ba. Da ya ga kuɗin ma kwana biyu ya yi bai taɓa su ba, sai da na je na ce masa in bai sayo takin ba ni zan ɗauka in sayo.

Wanda bai san zaman Mannir da surukinsa ba ba zai gane sauran labarin ba. Shekara goma sha biyu da aure, ba na jin sun taɓa yin maganar da ta wuce gaisuwa. In ya je ƙauyen, tun daga bakin zaure yake cire takalmi, ya durƙusa daga nesa, idonsa a ƙasa. Ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, shi ke nan. Ko ruwa ba ya sha a gaban tsohon. Shi ma Malam Labo haka, kansa a kauce yake amsawa, in ya hango shi a kasuwar Dandume sai ya shige wani layi. Ga shi Rashida 'yar fari ce, ko sunanta uban ba ya faɗa, sai dai ya ce yarinyar nan. Haka muka taso muka tarar, ban ce babu kyau ba. Amma fa an ɗora kuɗi a tsakanin mutum biyu da ba sa iya kallon juna.

Kaka ta zo, masara ta yi daidai gwargwado, sai dai farashi ya faɗi. Mannir ya ware abin da za su ci, ya sayar da sauran, ya haɗa da ɗan abin da ya samu wajen dillalai. Dubu ɗari biyu da goma suka taru a hannunsa. Bashi ya fita ke nan, har da 'yar rara.

A makon ne Alhaji Lawal ya zauna a bencina. Mai shagon taki da maganin feshi ne, yana da a-kori-kura guda da ke kai kaya kasuwannin ƙauye, Dandume, Musawa, har Malumfashi. Direbansa ya tsufa, ido ya fara ba shi matsala, ya ce iyakarsa wannan rani. Alhaji yana cin tuwo yana ƙorafi, wai yaran yanzu duk wanda ka ba mota sai ya sayar da mai ya kuma ƙwaƙule buhu. Ni kuwa na ajiye ludayi.

"Alhaji, ka san Mannir ƙanena, wanda ya yi sikeli a gidan gurza?"

"Mannir mai gaskiya? Ai ubana ma layinshi yake bi in ya kai auduga. Ya iya mota?"

"Zai iya."

Ya yi dariya. "Hajiya Tasalla, zai iya ba ta tuƙa mota. Amma ki gaya mashi, in ya kawo mani lasisi da takardar makarantar koyon tuƙi kafin ruwan farko, motar tashi ce. Ga shi ya iya lissafi, na huta da ɗaukar mai rubuta rasit. In ruwa ya sauka kuwa ba ni jiran kowa, lokacin ne kasuwata."

Washegari na tafi da ƙafata makarantar koyon tuƙi da ke kan hanyar Zariya na tambayo. Mako shida ake yi, kuma da kuɗin makaranta da na lasisi da 'yan kunji-kunji, dubu ɗari da hamsin ne. Daga can na wuce gidan Mannir, na same shi a tsakar gida yana ɗinke takalmin makarantar babbar 'yarsa. Na zayyana masa komai.

Fuskarsa ta yi haske, abin da na daɗe ban gani ba. Ya tambayi albashi, na faɗa masa. Ya yi lissafi a kai, ya ce cikin wata biyar zai biya Malam har ya ɗora goro. Sai kuma ya koma kan takalmin.

"Yaya, kuɗin ba nawa ba ne."

"Na san ba naka ba ne. Ka aika a ce wa Malam ya yi haƙuri zuwa damina."

"An ce in an yi kaka. Ga kaka an yi."

"Ya aiko ne yana nema?"

"Sai na jira ya aiko? Surukina ne fa."

"To ni in je in gaya mashi."

"In kika je, Yaya, ba ni ƙara taka ƙauyen nan. Mutum ya ba ni ɗiyarshi, ya ba ni kuɗinshi ban roƙa ba, sannan in tura yayata ta ce ya ƙara mani lokaci? Da wane ido zan dube shi?"

"Da ma can ba ka dubanshi," na ce.

Bai yi dariya ba. Ya ce in na kashe kuɗin kuma Alhaji ya sake shawara fa? In na faɗi gwajin fa? In mutuwa ta zo mini da haƙƙin mutum a wuyana fa? Na ce masa duk tambayoyinsa suna kan hanya, amma akwai wadda bai yi ba. In ya mayar da kuɗin yau, da me zai sayi takin baɗi?

Sai ya ce zai nemi hanyar da ba ta kuɗi. Direbobinmu na da ai ba makaranta suka yi ba, yaran mota suka fara, shekara uku ko huɗu suna wanke mota suna ɗaure kaya kafin ubangidansu ya ba su sitiyari. Amma wa zai ɗauki mai furfura a gemu yaron mota, kuma ina shekara ukun? Na roƙi wani direba cikin masu cin abincina ya gwada shi a filin ƙwallo ranar Juma'a. Zagaye biyu suka yi lafiya, a na uku Mannir ya taka totur a maimakon birki, suka tsaya a cikin dangar wani mai lambu. Babu wanda ya ji ciwo, amma fitila ta fashe, dubu goman rarar nan ta tafi a gyara. Direban ya ce mini ya yafe, amma don Allah in bar shi da motarsa.

Daga nan aka shiga watannin da ba na son tunawa. Kuɗi na cikin akwati, Mannir bai kai wa Malam ba, bai kai makaranta ba. Yau ya ce gobe zai tafi Dandume, gobe in hango shi tsaye a tsallaken titi yana kallon ɗalibai suna koyon ribas a tsakanin tsofaffin tayoyi. Rashida ta ce mini har littafin alamomin hanya ya aro, ya haddace shi tas, yana yi wa yara tambaya a kai. Mutum ya san ma'anar kowane allo daga nan har Kaduna, amma bai iya sa mota a giya ba. Ya rame, ya daina zama majalisa, abu kaɗan sai ya daka wa yara tsawa, shi da ba a jin muryarsa.

Na koma kan Rashida. Na ce ke 'yar Malam ce, je ki gaya wa uwarki ta gaya masa, ta inda kuɗin suka zo ta nan magana za ta koma. Ta ce ta yi niyya, Mannir ya ce in ta kai maganar gida bai yafe ba. Ta ce kuma ko ta je me za ta ce, mijina ya kasa biyan ubana? Ta fara hawaye, na bar ta. Na fito ina jin kamar in kama su biyun in gwara kawunansu.

Ni ma ina da nawa laifin. Dandume ba nisa, kuɗin mota bai fi ƙarfina ba. Sau biyu ina yafa gyale in fasa, saboda na san halinsa, in ya ce ba zai ƙara taka ƙauyen ba to ba zai taka ba, ga kuma aure a tsakani. Na yi ta gaya wa kaina zai sauko da kansa.

Abin da ya yanke maganar bai taka kara ya karya ba. Wata ranar kasuwar Dandume Mannir ya je rubuta wa wani dillali lissafi, ya hango Malam Labo a wajen masu shanu yana taya wani maraƙi. Ya taya, ba a sallama ba, ya juya ya tafi. Shi ke nan fa. Mannir ya dawo ya ce tsoho yana son maraƙi kuɗinsa sun kasa, alhali kuɗin suna kwance a akwatinsa. Na ce masa Malam Labo tun kafin a haife ka yake taya shanu yana bari, hirarsa ke nan ta ranar kasuwa. Bai saurare ni ba. Washegari ya kira Jibril, amininsa da ya yi masa abokin ango, ya ba shi dubu ɗari biyu cif da ɗan goro, ya ce ya kai ya yi godiya. Jibril ya dawo ya ce Malam ya karɓa, ya ce an gode, Allah ya yi albarka.

Na ƙirga daga baya. Daga ranar zuwa ruwan farko mako takwas ne. Da makaranta ya kai su, da ya gama har ya huta.

Ruwa ya sauka, Alhaji Lawal ya ba wani matashi ɗan Malumfashi motar. Ya zo har rumfa ya ba ni haƙuri, na ce ba shi da laifi, ya jira iya jira. Kullum da safe motar tana wucewa ta gabana da buhunan taki har sama, ni kuwa in juya mata baya. Mannir dawa ya shuka bana, don ita tana ɗan haƙuri da rashin taki. Ba mu yi faɗa ba, amma na yi mako biyu ba na amsa masa da abin da ya wuce to da a'a.

Bayan damina ta zauna sai mahaifiyar Rashida ta kwanta rashin lafiya, na je dubiya. Da zan fito na tarar da Malam Labo a zaure yana tufka igiya. Na durƙusa na gaishe shi. Ni ba ni na auri 'yarsa ba, ga shi na manyanta, saboda haka yakan ɗan sake da ni. Ya tambayi kasuwa, ya tambayi yara, sai ya ci gaba da murza igiyar a cinyarsa.

"Tasalla, in tambaye ki. Mi na yi wa mutumin nan?"

"Wane mutum, Baba?"

"Ƙanenki. Ya aiko mani da kuɗi cif, ta hannun aboki, kamar wanda ya ci bashin ɗan kasuwa. Na aika ina nema ne?"

"Ai an ce rance ne, Baba."

"To mi zan ce? In ce kyauta, ya ga na raina shi, ya ga kamar na ce ya kasa riƙe gidanshi? Rance na ce don ya iya karɓa. Ni da na fidda su ban sa ran ganinsu ba."

Na tambaye shi ko ya san akwai aikin mota da ya wuce ƙanena saboda kuɗin nan.

"Na ji tun da rani," in ji shi. "Wani mai kawo taki ya faɗa a kasuwa. Na so in aika a ce ya riƙe ya yi makarantar. Sai na ce in na tada maganar kuɗi zai ɗauka tuni nike mashi. Yarinyar nan kuma ba ni iya zama da ita in yi wannan magana. Na ce uwarta ta gaya mata, ta ce a bari su zo da kansu, kada a ce mun sa masu ido a gida. Ina nan ina jira, sai ga aboki da goro."

"Maraƙin fa da aka ga kana tayawa, Baba?"

"Wane daga ciki?"

Da ba dattijo ba ne a gabana, ban san abin da zan faɗa ba. Mutum huɗu, kowa na nufin ɗan'uwansa da alheri, kowa ya kama bakinsa, aiki ya wuce. Ni ce ta biyar.

Ya tashi ya shiga ciki, ya fito da kuɗin, ko kwance su bai yi ba. Ya ajiye su a gabana.

"Ki kai mashi ya yi makarantar, wata motar za ta fito. Amma ki yi mani alkawari ba zai san daga nan suka fito ba. In ya ji na maido, zai ce na ƙi karɓar biyanshi, wannan kuma ta fi ta farko muni."

Na buɗe baki in ce, Baba, ai wannan ɓoye-ɓoyen ne ya kawo mu nan. Na dube shi, kansa a ƙasa. Na ce na yi alkawari.

A cikin mota ina dawowa na shirya ƙaryata. Na ce wa Mannir adashe na kwasa, kuma ba ni da abin yi da kuɗin yanzu. Ya ƙi karɓa. Na zage na yi masa faɗa irin wanda rabona da yi masa tun yana firamare, Rashida tana ɗaki tana ji. Can ya ce sai dai in rance ne. Na ce to, rance ne.

Ya shiga makarantar, ya gama cikin mako shida, malaminsu ya ce ya daɗe bai samu ɗalibi mai natsuwarsa ba. Lasisi ya fito, yana nan a aljihun gaban rigarsa. Mota ce babu. Ya zaga shagunan 'yan kasuwa, ya zaga makarantun kuɗi masu motar ɗaukar ɗalibai, ya zaga tasha. Duk inda ya je tambaya ɗaya ce, shekara nawa ya yi yana tuƙi. In ya ce mako shida sai a ce ya bar lambar waya. Alhaji Lawal kaɗai ne zai ɗauki sabon hannu saboda ya san gaskiyarsa, shi kuwa ɗan Malumfashin bai ba shi dalilin kora ba.

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne ni kaina. Da can kullum bayan la'asar Mannir sai ya biyo ta rumfata, ya zauna a bayan tukunya, ya kankare ƙanzo, ya tsokane ni wai hannuna ya yi nauyi a gishiri. Duk garin nan a wurina kaɗai yake sakin jiki. Tun da ya karɓi kuɗin nan ya ɗauke ƙafa. In zai shiga kasuwa ta bayan tasha yake zagawa, in na aika a kira shi a ce ya fita.

Shekaranjiya da hantsi sai ga shi. Bai zauna ba. Rigarsa duk ƙurar siminti, ashe kwana biyu ya yi yana sauke kaya a wani shago. Ya jira masu cin abinci suka ragu, ya matso, ya zaro naira dubu biyar daga aljihu ya miƙo mini da hannu biyu.

"Yaya, ki fara rage wannan. Sauran da kaɗan-kaɗan, in Allah ya yarda."

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba sai kin tambaya ba."

Maganar tana bakina. Numfashi ɗaya ya isa in ce masa ba ya da bashin kowa a duniyar nan, kuma bai taɓa yi ba. Amma na yi wa tsoho alkawari, kuma na san in na faɗa abin da zai biyo baya ya fi wannan. In na ƙi karɓa kuma, ba zai sake tsayawa a gabana ba. Na san kuɗin cefanen gidansa ne na kwana uku. Na goge hannuna a zane na karɓa.